Facin da Na Jinkirta Har Kaka Uku

Tun da na dawo daga Damagaram abokai ba su bar ni na huta ba. A majalisa a tambaye ni, a bakin kasuwa a tare ni. Wani ya ce, "Shu'aibu, ya Faransa?" don haka muke kiran ƙasar can. Wani ya ce na kawo musu kilishi amma na hana su labari. Gaskiya suka faɗa, na dawo ba na son magana. Yanzu da abin ya ɗan kwanta mini, na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Akwai dattijon da zan ambata a ciki. Na nemi izininsa ya ba ni, sunansa kawai na sauya.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da bayanai a wani ƙaramin asibiti na ƙungiya da ke cikin gonaki a yankin Makoɗa. Gidajenmu a warwatse suke, kowa a bakin gonarsa, amma ba wanda zai yi tari a ɗakinsa maƙwabci bai ji ba. Cikin ayyukan asibitin akwai raba maganin farfaɗiya duk wata. Sunan kowane mai karɓa, da ƙauyensa, da irin maganinsa, suna cikin wata 'yar na'ura da ba ta wuce akwatin rediyo ba. Ma'aikatanmu na ƙauyuka ta waya suke turo mata bayani, don haka kullum a haɗe take da intanet.

Kun san yadda ake ɗaukar farfaɗiya a wajenmu. Wani ya ce iska ce, wani ya ce miyau na yaɗa ta, wani ya daina cin abinci kwano ɗaya da mai ita. Shi ya sa ranar da Malam Hadi ya shigo ta ƙofar baya, bayan kowa ya watse, na san maganar ba ƙarama ba ce. Malam Hadi shi ne na'ibin limamin unguwarmu, shi ke jan salla duk ranar da liman ba ya nan, kuma a gabansa na yi karatun allo. Ashe ya shekara da shekaru yana zuwa birni a ɓoye yana sayen magani, ciwon bai sake kayar da shi ba, sai tafiyar ta fara yi masa nauyi. Da na zo rubuta sunansa sai ya dafa hannuna.

"Shu'aibu, abin nan da kake dannawa, wa yake gani?"

Na ce, "Ni kaɗai, Malam, sai likita."

"Ka tabbata?"

Na nuna masa ƙofar ƙarfe, na fito da makulli daga aljihuna na kaɗa masa. Ya saki hannuna, na rubuta.

Manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan nan ba ta kowa ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta, kuma rubutun a buɗe yake, duk mai so ya karanta. Lokaci-lokaci sukan aiko da gyara, abin da ake kira faci. A shekarar farko na taɓa sa wani, ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, na'ura ta ƙi tashi har kwana huɗu, mutane suka yi ta zuwa suna komawa. Daga ranar na ji tsoron faci. Duk sanda saƙo ya fito sai in ce a raina, yanzu damina ce, aiki ya yi yawa, a bari sai kaka. Haka muke yi da komai a nan, aure sai kaka, gyaran katanga sai kaka, ziyarar dangi sai kaka. Idan kaka ta zo kuma sai in ga ai na'ura lafiyarta ƙalau, me zai sa in taɓa ta. A haka kaka uku ta wuce.

Sai ga kiran Madam Zainabu, injiniyar da ta zo daga Damagaram ta haɗa mana na'urar tun farko. Ta ce an gano wata ɓaraka babba a manhajar, wadda mutum zai iya bi ta intanet ya shiga ba tare da kalmar sirri ba, an kuma daɗe da fitar da facinta. Ta tambaye ni lambar wadda muke kai. Na karanto mata.

Ta ce, "Malam Shu'aibu, cire mata wayar intanet yanzu, ina saurare. Taku ta tsufa ƙwarai, facin ba zai hau kanta kai tsaye ba, sai an bi mataki-mataki. Wutarku da layinku ba za su ɗauka ba. Ɗauko ta ka zo."

Washegari da safe na naɗe na'urar cikin tsohon bargo, na sa a jaka, ɗan acaɓa ya kai ni Dambatta. A tasha kwandasta ya miƙo hannu zai jefa jakar a but tare da buhunan gyaɗa, na ce a cinyata za ta zauna. Muka ɗan yi sa-in-sa, ya ce ko jariri ne a ciki. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai sayar da man gyaɗa, za ta Daura wajen 'yarta. Tun kafin mu kai Kazaure ta gama sanin sunan mahaifina da yawan 'ya'yana, saura jaka.

"Ɗan nan, me ka ƙunshe haka kamar ƙwai?"

Na ce, "Sunayen mutane ne, Inna."

Ta ja jikinta gefe ta dube ni sama da ƙasa. "Na 'yan siyasa ko na boka?"

Na ce na asibiti ne. Ta ce to da sauƙi, ta ɓallo mini ƙuli-ƙuli. Da za ta sauka a Daura ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya sa in mayar da kowa gidansa lafiya, kamar mutanen ne na ɗauko da kansu. Na yi dariya a lokacin.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'i dogo, mai magana a hankali, ya sa na kwance bargon. Ya juya na'urar, ya duba ƙasanta, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Na ba shi takardar da likitanmu ya rubuta. Ya karanta, ya ce duk da haka aikinsa ne ya ga abin da ke ciki, akwai allo a ofis, a haɗa a kunna. Na ce, "Ranka ya daɗe, sunayen marasa lafiya ne, wasu ko matansu ba su san suna shan magani ba. Idan ka ce in koma da ita gida zan koma, amma ba zan buɗe ba." Bai yi fushi ba, ya nuna mini benci a gindin darbejiya ya ce in zauna. Motarmu ta gaji da jira ta tafi ta bar ni. Wayata kuma ta daina kama layi, sai shi ne ya kira Madam Zainabu da tasa, suka yi ta Faransanci ina kallon bakinsa. Wajen azahar ya miƙo mini jakata ya ce, "Amana ce, na gane. Sauka lafiya." Ba zan ɓoye muku ba, na shiga motar Matamaye ina jin kaina. Na rungume jakar ina cewa yau na tsare wa Malam sirrinsa a gaban hukuma.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Madam Zainabu ta sa aka sauke ni a gidan mahaifinta, Baba Mamman, tsohon baduku da ido ya fara gajiya amma hannu bai gaji ba. A zaurensa na kwana uku, cikin ƙamshin jima da tarin jakunkuna da ba a gama ɗinkewa ba. Hausarsu Hausarmu ce, sai dai wutar lantarki su ce kuran, ɗan acaɓa su ce kabu-kabu. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sanda, na gatsa da ƙarfina irin na gida, ɓawonsa ya yanke ni a dasashi. Baba Mamman ya ce ba a yi masa gaggawa, a shayi ake tsoma shi. Shayin ma ba irin namu na kofi guda a miƙe ba ne. Zagaye uku ake yi a 'yan ƙananan kofuna, kuma wanda ya tashi bayan na farko ya yi rashin ladabi. Furarsu kuwa, ku yi haƙuri, ta fi tamu.

Ofishin Madam Zainabu ɗaki biyu ne a bayan wani kanti, da batura jere a ƙasa saboda ɗaukewar wuta. Na fito da na'ura zan jona, sai ga bango da 'yan ramuka biyu zagayayyu, kan wayar na'urar kuma mai ƙafa uku ne irin namu. Na yi ta juya shi kamar zai canza ra'ayi. Sai da ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko mahaɗi, ta ce duk baƙon da ya zo daga Najeriya sai ya yi wannan rawar.

Ranar farko ba ta taɓa komai ba sai kwafi. Ta kwafe rumbun gaba ɗaya a wuri biyu, ta gwada kowanne ta ga yana buɗewa. Ta ce da haka na yi a shekarar farko, da ɗaukewar wuta ba ta tsorata ni ba. Muna jira ta nuna mini shafin da masu manhajar suke jera ɓarakokinsu, kowace da lambarta, da bayanin yadda take, da godiya ga wanda ya gano. Wannan al'ada ta ba ni mamaki fiye da burodin. A wajenmu magini idan ya ga tsaga a ginin da ya yi, yaɓe yake yi ya yi shiru. Na ce mata, wannan ai tona wa kai asiri ne.

Ta ce, "Akwai tsari. Wanda ya gano ba ya shela, a ɓoye yake rubuta musu. Su ma su yi shiru har su gama faci. Sai ranar da faci ya fito ake faɗa wa duniya, don kowa ya san dalilin da zai sa shi."

Na ce, "To ai ɓarawo ma zai karanta."

"Yana karantawa, har ya fi ku. Ranar da faci ya fito, ranar ya san inda ramin yake. Daga nan tsere ne tsakaninka da shi."

Ni ban ma san ana tsere ba.

Rana ta biyu, kafin ta fara hawa matakan, ta ce bari ta duba rajistar shige da fice, inda na'ura ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata. Ina gefe ina cin gyaɗa. Na ga ta daina gungurawa, ta matso da fuskarta kusa da allo, sannan ta juyo da shi wajena ta sa yatsa a kan wani layi. Ta ce wannan ba wayar ma'aikatanku ba ce, kuma bai shigo da kalmar sirri ba. Na duba ranar. Tsakiyar daminar da ta wuce ce, da hantsi. Na tuna makon sarai, ina gona ina maimai, makullin ƙofar ƙarfe yana aljihun rigata a rataye jikin ɗinya.

Na ce, "Wane ne?"

"Ba lallai mutum ne zaune ba. Akwai manhajojin da ake saki suna yawo suna gwada ƙofofi, duk wadda suka samu a buɗe su shiga."

"Ya ɗauki wani abu?"

"Ya buɗe jerin sunaye, wannan na gani. Ko ya kwafa, ko an ajiye, ko an watsar ba a ko duba ba, ban iya sani. Ba kuma wanda zai iya gaya maka."

Kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro. Na tuna yadda na zauna a bencin kan iyaka ina kumbura, ashe abin da na hana jami'i gani an riga an gani tun ina gona. Na ce mata, to mu sa facin mu rufe, tunda ba wanda ya sani sai ni da ita. Wanda ya shiga yana can wata ƙasa, ina zai san wani Malam Hadi a cikin gonakin Makoɗa?

Ta ce, "Wataƙila ba zai taɓa sani ba. Amma faci ƙofa yake rufewa, ba ya dawo da abin da ya fita. A ƙa'idar aikinmu, idan an shiga, ana gaya wa masu sunayen."

Na ce, "Madam, a wajenmu rufin asiri ake nema."

"Asirin wa za ka rufa, Malam Shu'aibu? Nasu ko naka?"

Na tashi na koma masauki. Da yamma a zaure Baba Mamman ya lura ban taɓa tuwo ba. Ban faɗi sunan kowa ba, na dai ba shi labarin a dunƙule. Yana ɗinki bai ɗago ba, ya ce shi bai san na'ura ba. Amma idan mutum ya bar masa fata ɓera ya ci gefenta, yakan iya ɗinke wurin yadda mai ita ba zai taɓa ganewa ba, kuma bai taɓa yin hakan ba sai ya nuna masa tukuna. Ya zuba mini shayi na biyu, ya koma maganar tsadar fata.

Rana ta uku aka gama. Mataki huɗu ta hau kafin facin ya zauna, kowanne ta sa ni na yi da hannuna, ta kuma rufe hanyar shiga ta yadda wayoyin ma'aikatanmu kaɗai za su iya isowa. Duk aikin da na guje wa shekara uku bai kai wahalar huɗar kunya goma a gona ba. Na sayi kilishi saboda ku, na yi sallama da Baba Mamman, ya ba ni 'yar jakar fata ya ce in daina yawo da amana a cikin bargo. Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta. Ba wanda ya tsayar da ni, ni ma ban yi hira da kowa ba.

Na gaya wa likitanmu komai, har da saƙonnin da na yi ta turewa. Bai yi mini faɗa ba, na so ma ya yi. Muka tsayar cewa kowa za a same shi shi kaɗai a gaya masa, kuma ni zan je, tunda ni na yi musu alkawari. Yawancinsu ba su ɗauki abin da zafi ba. Wani ya ce shi da intanet ina aka haɗu. Wata ta ce ita dai za a ci gaba da ba ta magani ko? Wani magidanci ya ce a goge sunansa, ya daina zuwa, har yau muna bin sa da lallashi. Malam Hadi na bari a ƙarshe, kuma ba don girmamawa ba, don tsoro ne.

A gonarsa na same shi yana ɗaure damin gero. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce sannu da hanya, ya mutanen Damagaram. Na faɗa masa ban rage komai ba. Ya saurara yana riƙe da igiyar rama har na gama.

"Wa ya gani?"

"Ban sani ba, Malam."

"Zai fito?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa ba zai taɓa fitowa ba."

"Mai yiwuwa," ya maimaita. Ya ƙarasa ɗaurin da ya fara, ya taka damin ya ja igiya. "Da ka yi shiru da ban sani ba."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ka kyauta da ba ka yi shirun ba. Sakacin kuma na yafe, kada ka ƙara. Tashi, ƙasa da zafi."

Na ɗauka an gama kenan, har na ji nauyi ya ragu. Kwana biyu bayan nan liman ya yi tafiya, Malam Hadi ya ja mu la'asar. Da aka sallame bai juyo don addu'a kamar yadda ya saba ba, sai ya miƙe tsaye ya fuskance mu. Ya ce yana da farfaɗiya tun yana saurayi, yana shan magani, kuma ya fi shekara goma bai faɗi ba. Ya ce ciwo ne kamar hawan jini, ba iska ba ce, ba a ɗauka. Ya ce ya fi so mu ji daga bakinsa, domin ba zai iya tsayawa gaban mutane yana ja musu salla, zuciyarsa tana jiran ranar da wani zai karanto sunansa a waya ba. Bai ambaci asibiti ba, bai dubi inda nake ba. Can wani ya ce Allah ya ƙara lafiya, aka amsa da amin, aka watse.

Ba wanda ya ce masa komai, ku ma kun san ba haka ake yi ba. Sai dai tafiyar liman ta gaba, da aka ta da iƙama, dattawa biyu suka dafa kafaɗar wani suka tura shi gaba. Malam Hadi ya riga ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar da ita. Tun daga ranar haka ake yi.

Yanzu duk ranar da saƙon faci ya fito, a ranar nake kwafe rumbu in sa shi, ko da ana ruwa ko ana shuka. Duk safiya kuma nakan buɗe rajista in bi layi-layi, sannan in nemi sunayen mutanenmu a intanet yadda Madam Zainabu ta koya mini. Har yau ban ga ko ɗaya ba. Mai yiwuwa wanda ya shiga bai ko karanta ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa kuka ga na dawo ba na son labari.

Jiya da azahar na makara, na shiga sahu na biyu a gurguje. Sai da na ta da kabbara na gane kafaɗar da ke jikin tawa. Malam Hadi ne, liman ba ya nan, yana bin salla a bayan yaron da shi ya koya wa Fatiha. Da aka sallame ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya tambaye ni ko ranar Litinin akwai magani.